Lamba Shida

Tanimu, daren da za ku tafi da Baba
ka zare layinka, ka naɗe a takardar magi,
ka ce, "Uwani, riƙe min, can ba zai yi ba."
Na sa shi a wayata gefen nawa
kamar jaririn da aka bar wa maƙwabta.
Ban san nauyin abin da na goya ba.

Ka dai san garinmu, nan gabas da Auyo:
sabis ba ya shiga ɗaki,
kunya gare shi kamar suruki.
Sai bayan firamare, kan mushen tarakta,
ƙafa guda a taya, guda a ƙarfe,
hannu sama kamar mai kakkaɓar tsamiya,
sanda biyu, in an yi sa'a.

Kwana uku na hau, kwana uku shiru.
Inna ta daina tambaya,
fuskata kawai take karantawa daga bakin zaure.

Ashe layi a Indiya sai da fasfo, da hoto,
da jiran da ba a faɗa maka iyakarsa.
Ashe cajarka ta ƙi bangonsu,
ita ƙafafu masu kusurwa, su ramuka zagayayyu.
Kuma kun riga mu awa huɗu da rabi.
Rabin nan ya tsaya wa Inna a wuya:
"Wane irin gari ne har lokaci da guntu?"

Ka ce waifai ɗin asibitin
bai san hanyar ɗakin Baba ba,
a matakalar hawa na uku yake tsayawa,
gefen injin shayi, inda masu jinya ke cincirindo,
kowa na magana da tafin hannunsa.
Na yi dariya har na kusa zamewa.
Ashe kai ma da taka taraktar.

Sai ranar biyan kuɗin aiki.
Banki ya ce sai da lamba shida,
lambar kuwa nan take sauka, a haɓar zanina,
kuma minti biyar ne ranta.

Hantsinku, asubarmu.
Ta farko ta mutu ina tsallake kunyoyin gero.
Ta biyu ta iso lafiya, data ta ƙare.
Ta uku, wayar ta lumshe ido,
Ɗanjuma mai caji kuwa yana jiran rana
kamar yadda kowa ke jiranta.
Na fizge wayar Ilu mai shayi da hannunsa duk madara,
na ɓalle murfi da haƙori.
Ta huɗu na karanto da ƙarfi,
har karnukan unguwar Fulani suka amsa.
Na ce huɗu, ka ji uku.
Muryarka na zuwa guntu-guntu
kamar ruwan famfon da ya sha iska.
Sai na rubuta, yatsana na rawa.
Alama ɗaya. Na daina numfashi.
Alama biyu.

Bayan mako ka turo muryar Baba,
daƙiƙa goma sha ɗaya,
wuni guda tana juyi kafin ta sauko.
Bai ce Uwani ba, bai ce yana jin sauƙi ba.
Cewa ya yi a yanke riɗin kafin ya fashe,
kuma kada a sayar da jar akuya.

Wannan kam ta zauna a waya, ba ta neman sabis.
Kullum bayan isha Inna na cewa in kunna,
ta gyara ɗankwali, ta matso,
ta ce, "An yanke, Malam. Tana nan."
Ta ɗan jira.
"Sake kunnawa."

Tanimu, in kun dawo ka je ka duba:
tsatsar shekara ashirin ce a jikin taraktar nan,
amma inda nake dafawa
har ƙyalli yake yi.